Yadda ake kai koke gaban majalisar ƙaramar hukuma

1. Fara da sanin kansilan mazaɓarku da ranar da majalisa ke zama.

2. Tabbatar matsalar tana hannun ƙaramar hukuma. Nan aka fi yin kuskure: a kai musu kukan hanyar da ba tasu ba, takarda ta kwanta cikin durowa.

3. Rubuta shafi 1, buƙata ɗaya tak: wane kwalbati ne ya toshe, a wane layi, tun yaushe. Haɗa da hoto da sa hannun maƙwabta.

4. Kai kwafi 2, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. In babu wannan, gobe sai a ce ba a gani ba.

5. Bayan mako 2, koma ka bi sawu.