Idan bidiyo ya ƙi buɗewa a manhajar tacewa

Mafi yawan bidiyon biki da ake kawo min ana cewa "ya lalace" lafiyarsa ƙalau. Manhajar ce kawai ba ta iya karanta abin da ke cikinsa ba. Saboda haka kafin ka goge komai ko ka kira mai ɗauka da faɗa, jefa fayil ɗin a VLC, manhajar kallon bidiyo. Kyauta ce, kuma da wuya a kawo mata abin da ba za ta buɗe ba. In ya yi a can, hoto da murya duka, to kwantar da hankalinka, gyaran mai sauƙi ne.

MP4 da MOV da MKV kwano ne. Abincin da ke ciki shi ne kodek, wato hanyar da aka bi aka matse hoton da sautin. Kana iya samun fayil biyu duk suna ƙarewa da .mp4, ɗaya H.264 ne a ciki, ɗayan H.265 wanda ake kira HEVC. Na farkon kusan kowace na'ura tana karɓarsa, na biyun kuwa sai wadda ta dace. Shi ya sa canza sunan fayil daga .mov zuwa .mp4 ba ya gyara komai. Danna Ctrl da J a VLC za ka ga kodek ɗin, ko ka sa manhajar MediaInfo, ita ta fi ba da cikakken bayani.

Tun 2017, da iOS 11 ta fito, iPhone take ɗauka da HEVC. Ƙawayen amarya su turo maka nasu, ka sa a tsohuwar kwamfuta, sai ka ji guɗa tana tashi amma allo baƙi ƙirin, ko hoton ya riƙa tsalle. Windows ma wani lokaci sai an sa mata HEVC Video Extensions daga Microsoft Store. Ni na fi son in juya fayil ɗin gaba ɗaya in huta. Daga iPhone 12 kuma sai aka ƙara HDR, wato ɗauka mai ƙarin haske da launi. In manhajarka ba ta iya karanta shi ba, shi ne za ka ga leshin amarya ya kwaɗe, jan lallen ya koma kamar an wanke. In kana da halin magana da mai wayar kafin a fara, ya shiga Settings, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible, sannan ya kashe HDR Video a ƙarƙashin Record Video.

Matsalar da ta fi ɓata rai ita ce ta saɓanin baki da murya. A farkon bidiyon komai daidai, can bayan minti ashirin sai ka ga malam ya rufe baki amma addu'ar tana ci gaba. Waya ba ta riƙe adadin firam (hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo) iri ɗaya a kowace daƙiƙa, tana ragewa idan haske ya yi ƙasa, wasu manhajojin tacewa kuma suna lissafi kamar adadin bai canza ba. MediaInfo za ta rubuta maka Variable a wurin Frame rate mode. Kada ka wahalar da kanka da yanka sautin kana turawa gaba kaɗan-kaɗan, ba za ka gama ba. Buɗe HandBrake, manhajar juya bidiyo, ita ma kyauta ce. Zaɓi MP4, a shafin Video ka sa H.264, ka danna Constant Framerate, ingancin ka ajiye shi a RF 20, sautin kuma AAC. Sabon fayil ɗin za ka yi aiki da shi, na asalin ka adana shi gefe guda, kar ka taɓa.

Wanda ya ɗauka da OBS, manhajar ɗaukar bidiyo a kwamfuta, ya samu MKV ba ya buƙatar duk wannan. A cikin OBS ɗin akwai Remux Recordings, nan take zai mayar da shi MP4 ba tare da ingancin ya ragu ba.

In VLC ma ta ƙi, duba girman fayil ɗin ka gwada da wanda ke kan katin kamara. Sau da yawa kwafin ne bai kammala ba. Idan batir ne ya mutu ana tsakiyar ɗauka, kamara ba ta samu rufe fayil ɗin ba. Ka daina ɗauka a katin nan, kar kuma ka yi masa fomat, domin hoton na iya kasancewa a ciki.

Wajen miƙa aiki, ka tuna a talabijin ɗin falo za a kalla da filash, dangi duk a zaune. Fitar da shi MP4, H.264, AAC, 1080p. Filash mai tsarin fomat na FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, tsofaffin talabijin kuma ba duka ke karanta tsarin exFAT mai karɓar manyan fayiloli ba, don haka nakan raba: kamu daban, ɗaurin aure daban, dina daban. Masu turo maka ta WhatsApp kuwa ka roƙe su su turo a matsayin Document, in ba haka ba za ta matse shi ya iso maka dishi-dishi, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da ya zube.