Yadda za ka ja intanet da kabul a gida ka kashe wifi gaba ɗaya

Yayata da ke Yantala ta daɗe tana kukan ciwon kai da rashin barci, ita dai ta dage wifi ne, kuma buwat ɗin intanet, wadda ke ba da wifi, tana nan daf da gadonta. Ni ba likita ba ne, kuma tun 2005 hukumar lafiya ta duniya ta ce ciwon da masu wannan kuka ke ji na gaske ne amma ba a samu hujjar da ta ɗaure shi da wifi ko antena ba. Sai na ce Yaya ki tafi a gwada miki tansiyo da ido tukuna, ni kuma zan raba ki da wifi ɗin hankalinki ya kwanta. Ga yadda aka yi.

Fara da duba wace irin buwat gare ka, nan ne mutane ke tafka kuskure. In fibar aka ja maka to ka huta, haske ne ke gudu cikin zaren gilashi. Amma in mai pus ce, wato katin SIM, irin ta Airtel ko Moov ko Zamani, ko ka kashe wifi tana nan tana magana da antena ta 4G, salula ce kawai da ba a sa ta aljihu. Wannan maganinta nisa. Tata zaure muka kai ta, can bakin ƙofar gida, daga nan kabul ya shigo ɗaki.

Sai sayayya. Kabul Cat6, ko Cat5e ma ya isa, kawunan RJ45, pens ta matsewa, ɗan testa na gwada kabul, da suwic mai ƙara ramukan kabul in na'urorin sun fi ramukan bayan buwat yawa. Auna hanyar da igiya kafin ka tafi Babbar Kasuwa, ka ƙara mita uku, kuma kabul guda kada ya wuce mita 100. Ka ce ma mai shago ya yanko maka ɗan guntu ka kankare waya ɗaya da wuƙa, in ja ce har ciki tagulla ce, in fari ya fito alminiyom ne aka shafa ma launi, wallahi karyewa yake kamar taliya. Za su ce ka ɗauki mai sulke wai ya fi tsare komi, amma sulken sai an haɗa shi da ƙasa yake aiki, gidaje nawa ne a Yamai ke da wayar ƙasa a priz? Na talaka ya wadatar, wayoyinshi takwas a murɗe suke bibbiyu don haka ɗin.

Wajen ja kada ka jera shi da wayar kuran, bar kamar taƙi biyu tsakani, in dole su haɗu to ya gicciye ta ya wuce. Inda zai bi tsakar gida sa shi cikin tiyo, in ba haka ba ranar Afrilu ta gasa shi ɓeraye su ƙarasa.

Matse kai kuma, fere bawon kamar gaɓar yatsa biyu, warware wayoyin ka jera: fari-lemu, lemu, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ruwan ƙasa. Daidaita bakinsu, tura har ƙurya, matse, ɗaya gefen ma jerin guda. Sayi kawuna da rara, ni sai da na ɓata huɗu kafin testa ta kama 1 zuwa 8 a jere.

Yanzu kashe wifi. Jona ordinater da kabul, buɗe Chrome ka rubuta lambar da ke bayan buwat, yawanci 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, shiga da kod ɗin da ke wurin. Ka lura wifi biyu ne a yawancinsu, 2.4 da 5 GHz, kashe duka, sannan ka ɗauki salula ka duba sunan ya ɓace. Duk ranar da wani ya danna riset zai dawo, sai ka sake.

Ordinater ita ma kashe mata wifi da Bluetooth, linzami da kilabiye a koma masu waya, tele da mashin ɗin buga takarda kowa da kabul ɗinshi. Waɗancan ƙananan na CPL da ke tura intanet ta wayar kuran ka bar su, wayoyin bango gaba ɗaya suke bi. Salula akwai adaptater USB-C mai ramin RJ45, ka sa ta mod abiyon WhatsApp na tafiya, kira da saƙo na layi ne ba za su shigo ba, amma gwada a shago don ba kowace ke karɓa ba. Da damina in hadari ya haɗu cire kabul ɗin waje.

Da na gama na duba, har yanzu wifi biyar na maƙwabta na shigowa ɗakin, na nuna mata ta ce ba komi tunda babu a kanta. Yaranta ne dai har yau ba su gaishe ni da daɗi.