Yadda za ka duba jif mai kashe silinda kafin ka biya kuɗi, da yadda za ka riƙe ta

Shekaru ina kanikanci a Birnin Kebbi kuma abu guda nake ta gani, mutum ya ɗauko Tahoe ko Suburban ko Ram daga Kwatano, mota fes, bayan wata biyar a jawo ta gareji inji na kaf-kaf-kaf. Yawanci matsalar daga tsarin nan ne na kashe silinda.

Injin V8 ne amma in ka hau titi ka daidaita totur sai kwamfuta ta kashe silinda huɗu don a rage shan fetur. GM, kamfanin da ke ƙera Tahoe da Suburban da Yukon, na kiran nasu tsarin AFM, yana cikin injin 5.3 na Tahoe da Silverado tun 2007, na injin Hemi 5.7 da ke cikin Ram kuma ana kiransa MDS, dukansu silinda 1 da 4 da 6 da 7 suke kashewa. Daga 2019 GM sun kawo DFM wanda kowace silinda yana iya kashe ta. Kuma da ƙarfin baƙin mai ake wannan aikin, shi ke tura wasu ƙananan fil cikin tafet (ɗan ƙarfen da kamshaf ke turawa don bawul ya buɗe) su saki, bawul ya daina buɗewa.

Na farko, ka je da sassafe kafin kowa ya tada motar. Ka taɓa injin da hannunka, in da ɗumi ka ce gobe ka dawo. Ka tada ta ka buɗe bonet ka saurara. Ƙarar da ta ɓace bayan inji ya yi zafi sau da yawa ƙusar manifol ɗin salansa ce ta karye, gyaranta da sauƙi. Wadda ba ta ɓace ba, tana bin juyin inji daga sama, wannan tafet ne, ka rage kuɗi sosai ko ka bar musu motarsu.

Sai ka sa sikana, na'urar da ke karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota. In ta nuna P0300 ko P0301, P0304, P0306, P0307, wato silinda na tsallake wuta, kada ka yarda a ce maka fulogi ne kawai. Ka ciro fulogin silindojin nan huɗu ka gani ko sun jiƙe da mai. Sannan ka hau hanyar Jega ka riƙe gudu ɗaya, a motocin GM da yawa allo zai nuna V4, wato silinda huɗu kawai ke aiki, ka ji ko tana fizga lokacin da take komawa V8.

To ga inda ni kaina na yi ɓarna, baƙin mai. Farkon da irin motocin nan sunka fara zuwa mana, wata Yukon na zuba mata 20W-50 don haka muke yi wa kowace mota, muna cewa zafinmu ya wuce 40 mai ruwa-ruwa ba zai riƙe ba. Ba a daɗe ba tafet ɗaya ya maƙale, mai ita ya ci gaba da hawa har ya cinye kamshaf, sai da munka sauke kan inji gaba ɗaya, don ba a kai ga tafet ɗin sai an cire shi. Wallahi har yau abin na damuna. Hanyoyin man nan sirara ne ƙwarai, mai kauri ba ya isa da wuri, mai datti kuma toshe su yake. Abin da anka rubuta kan murfi shi za ka zuba: 5W-30 a 5.3 na 2007 zuwa 2013, 0W-20 daga 2014 a sabon injin, Hemi yawanci 5W-20. Eh da tsada, amma bai kai kamshaf da tafet 16 da gasket ba. Ni kilomita 5,000 nake sa a juye, ban jiran kwamfutar mota ta faɗa, ƙurarmu ta hunturu ba wasa ba ce. Kuma duk sati ka ja sandar awo, injinan farko-farkon nan suna shan mai a ɓoye.

Akwai ɗan rariya ƙarƙashin sensan mai a bayan injin GM, in an canza sensa a canza shi tare, kuɗinsa kaɗan ne.

Na'urar da ake maƙalawa ƙarƙashin sitiyari ta hana motar shiga V4 ina sa wa mutane, sai dai tafet ɗin na nan ciki, wanda ya riga ya lalace ba ta gyara shi. In an buɗe inji to a cire tsarin duka, sabon kamshaf, tafet na gama-gari, a gyara kwamfuta. Shan fetur zai ɗan ƙaru, ka sa wannan a lissafinka tun kafin a fara kwance inji.