Babi na Bakwai: Yadda Ake Shigar da Koke Idan Aiki Ya Tashi Jama'a

Darasi na 1: Taro da ƙidaya

'Yan'uwa, idan za a gina madatsar ruwa ko a shimfiɗa hanya, kafin a tashi kowa daga gidansa ko gonarsa sai an kira taro an ji ta bakin maza da mata. Wannan yana cikin ƙa'idojin Bankin Duniya da suka fara aiki a 2018, ga ayyukan da yake ba da kuɗinsu. Ku halarci taron, ku tambayi ranar rufe ƙidayar mutane da dukiyoyin da aikin zai shafa, domin wanda ya tare a wurin bayan wannan rana ba ya cikin masu diyya. Marar takardar mallaka ma ana ƙirga shi, kuma yana da haƙƙin a taimaka masa ya sake zama.

Darasi na 2: Takardar koke

A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe. Idan an tsallake bishiyarku a lissafi, ko an rage faɗin gona, ku je teburin karɓar koke, kuma ba a biyan komai. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, kada ya ji kunya: ya faɗa da baki, jami'i ya rubuta, ya karanta masa kafin ya dangwala yatsa.

Daga nan ku ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni shaidar karɓa." Ƙaramar takarda ce mai lamba da kwanan wata. Ku ɗora yatsa a kan lambar, ku karanta ta da ƙarfi, ku kwafe ta a littafinku. Kada ku tashi ba ta hannunku. Ko jami'in ya ce ya ji kuma zai duba, ku gode masa, ku sake neman takardar, domin gobe ana iya sauya shi, wanda ya gaje shi kuwa lamba kawai zai tambaya.

Na sha faɗa, amma har yanzu wasu sukan dawo hannu rabbana suna cewa an yi musu alkawari. Haba jama'a! Da alkawarin baki za ku bi sawun gonarku? Ku koma ku karɓo.

Darasi na 3: Idan an yi shiru

Ku tambayi wa'adin amsa, idan ya wuce ku ɗaukaka koken da lambar nan. Mutum biyu ko fiye suna iya rubuta wa kwamitin binciken Bankin Duniya, wanda aka kafa a 1993. Ƙofar kotu ma a buɗe take.

Darasi na 4: Aikin gida

Kowa ya rubuta kwanan watan yau sau biyar.