Yadda na gyara Octopath Traveler da ke mutuwa ana tsakiyar faɗa

Alhamdu lillahi, wasan ya daina kore ni. Matsalar: a Nintendo Switch ɗina, da zarar na fasa garkuwar babban dodo, na tara BP, wato makin ƙara ƙarfin hari, zan sauke masa duka, sai wasan ya rufe kansa.

Na zargi zafi, na zargi ƙurar hunturun Kaduna, na goge ramukan iska. Shiru.

Ashe katin microSD da na saya a kasuwa ne jabu. Na shiga System Settings, Data Management, Manage Software, na zaɓi wasan, na danna Check for Corrupt Data, ya nuna akwai ɓarna. Sai na riƙe maɓallin kunnawa daƙiƙa 3, na kashe na'urar gaba ɗaya, ba barci ba, na zare katin daga bayan ƙafar jingina. Na kunna, na sake sauke wasan daga eShop, shagon Nintendo na intanet, ya zauna a ma'ajiyar ciki mai 32GB.

Inda na tsaya bai ɓace ba, don Switch a cikinta take adana ci gaba, ba a kati ba. Da na gwada katin da H2testw, manhajar gwada ainihin girman kati, a kwamfuta, 128GB ɗin da aka ce yana da shi ƙarya ce.