Yadda ake shirya zaman karatu a laburaren duniyar intanet

Tun shekarar 2006 ma'aikatan laburare suka fara tarewa a Second Life, duniyar da kamfanin Linden Lab ya buɗe a 2003, inda kowa ke shiga da surar da ke wakiltarsa, ya yi tafiya, ya zauna, ya yi magana da na kusa da shi. Ƙungiyar Alliance Library System ta jihar Ilinoi a Amurka ce ta kafa tsibirin laburare na Info Island a cikin wannan duniyar a wancan lokaci, daga baya ƙungiyar Community Virtual Library ta ɗora daga inda aka tsaya. A ganina, kantar littattafai ba ta tara jama'a a irin wannan wuri, domin mai son karatu shi kaɗai yana da wayarsa. Abin da ke tara su shi ne murya: wani yana karantawa, saura suna saurare, a ƙarshe a tattauna. Kan wannan za ka gina komai.

Fara da zaɓen duniyar da za ka shiga. Second Life kyauta ake buɗe asusu, kuma akwai jama'a a ciki. OpenSimulator manhaja ce da kowa ke da damar ɗauka ya kafa tasa duniyar, ta fi sauƙin kuɗi amma mutanenta sun fi ƙaranci. Da manhajar Firestorm kana iya shiga dukansu biyu. Akwai kuma wasan kwamfuta na Minecraft, inda ƙungiyar kare 'yan jarida ta Reporters Without Borders ta buɗe laburaren The Uncensored Library a watan Maris na 2020. Ga mai farawa da ke son a ji murya, Second Life ta fi dacewa.

Nemi aron wuri, kada ka saya. Fili a can kuɗi ake biya masa a kai a kai. Ziyarci ɗakunan karatun da ke akwai, ka halarci zamansu sau biyu ko uku, a san fuskarka, sannan ka roƙi mai wurin ya ba ka awa ɗaya. Tambaye shi mutum nawa yankin ke ɗauka, ko an buɗe magana da murya a filin, da kuma matakin da aka sa wa yankin, wato irin abin da aka yarda a nuna a cikinsa. Matakan uku ne, General da Moderate da Adult. Zaman da kake so kowa ya halarta, a na farkon za ka yi shi.

Zaɓi abin da za a karanta. Nan ne mutane suka fi yin sakaci. Karanta littafi a bainar jama'a, ko da a duniyar intanet ne, yana taɓa haƙƙin mallakar marubuci, balle idan za a naɗa a yaɗa. Mafita uku ce: ka karanta naka, ka nemi izinin marubucin a rubuce, ko ka ɗauko tsofaffin ayyukan da wa'adin haƙƙinsu ya ƙare, irin waɗanda laburaren kyauta na Project Gutenberg ke tarawa tun 1971. Wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka duba. Idan marubucin yana raye, gayyato shi ya karanta da bakinsa. Babu abin da ya kai wannan armashi. Kuma kada karatun ya zarce minti ashirin zuwa talatin. Kunne yana gajiya kafin ido, mai sauraro kuwa taga guda zai rufe ya tafi ba tare da ka ji motsinsa ba.

Tsayar da lokaci. Second Life na aiki da agogon Kalifoniya, wanda ake sauyawa da awa ɗaya a watan Maris da na Nuwamba. Rubuta lokacin da wancan agogon da kuma agogon GMT, ka haɗa da adireshin da zai sauke mutum daidai bakin ƙofa.

Shirya wurin zama. Rubutun da mutum ya yi a akwatin hira yana isa mita 20 ne kawai daga inda surarsa take. Raɗa mita 10, kira da ƙarfi mita 100. Saboda haka ka jera kujerun a da'ira, kusa da juna, ta yadda na wannan gefe zai ga abin da na wancan gefe ya rubuta. Rage ado. Kowane hoto da kowane abu mai motsi nauyi ne a kan kwamfutar baƙo, kuma mai ƙaramar na'ura ko raunin intanet shi zai fara wahala. Allo ɗaya mai sunan littafi da na marubuci ya wadatar. A ƙofa ka ajiye takardar bayani da ke nuna yadda ake zama, yadda ake kunna sauti, da yadda ake kashe makirfo.

Yi gwaji da mutum biyu kwana ɗaya kafin ranar. Mai karatu ya sa abin ji a kunne, in ba haka ba makirfonsa zai riƙa ɗaukar sautin lasifikarsa yana amsa-kuwwa.

Ranar zaman, kada ka yi aikin kai kaɗai. Mai karatu ba zai iya lura da ƙofa ba. Sa mutum ɗaya ya tarbi baƙi, ya kira kowa da sunansa, ya taimaki sabon shiga da surarsa ta tsaya a tsakiyar fili ya rasa yadda zai zauna. Wannan mutumin ya samu izini daga mai wurin na fitar da duk wanda ya zo don tayar da fitina, domin akan samu irinsu. Shi ne kuma zai riƙa liƙa sakin layin da ake karantawa a akwatin hira, saboda kurame da waɗanda sautinsu ya ƙi aiki. Na fi damuwa da wannan fiye da kowane mataki. Akwai masu zuwa irin wannan laburare ne saboda rashin lafiya ko nakasa ta hana su zuwa na zahiri, bai kamata su tarar da wata ƙofar a rufe ba.

Da an gama karatu, jefa tambaya ɗaya mai sauƙi, ka yi shiru. Masu rubutu sun fi masu magana jinkiri, ka ba su lokaci. Idan za a naɗi bidiyo ko a adana hirar, a faɗa tun farko.

Kafin a watse, sanar da ranar zama na gaba, ka gayyaci mahalarta cikin rukuni don saƙo ya riƙa isa gare su. Sannan ka ajiye jerin sunayen masu sha'awa, da rubuce-rubuce, da hotuna a kwamfutarka. Irin waɗannan duniyoyi akan rufe su: AltspaceVR, wadda aka sha yin taruka a cikinta, Microsoft ta rufe ta a watan Maris na 2023, Mozilla ma ta rufe tata duniyar, Hubs, a 2024. Idan jerin mutanenka yana hannunka, sai ka aika musu sabon adireshi a ci gaba daga babin da aka tsaya.