Zafi, Tsawa da Ambaliya: Abin da Sabon Zuwa Niyok Zai Sani Kafin Watan Yuni

Yawancin 'yan uwanmu da ke sauka a Niyok da jihohin da ke kewaye da ita da shirin sanyi kawai suke zuwa, domin labarin hunturu da dusar ƙanƙara aka fi ba su tun suna gida. Zafi da ruwan sama kuwa, wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ko Tamale gani yake yi babu abin da za a koya masa a kansu, kuma wannan zaton ne ya fi jefa sababbin zuwa cikin hatsari. A ƙasar Hausa bazara takan zo da busasshen zafinta, sannan damina ta biyo baya ta kawo sauƙi, amma a gabashin Amurka su biyun tare suke zuwa, daga Yuni har farkon Satumba.

Kowane wata hukumar kula da teku da sararin samaniya ta Amurka, NOAA, tana fitar da hasashen watanni uku masu zuwa, kuma shi ne kafofin labarai suke yayatawa idan rani ya gabato. Taswirar da ke ɗauke da hasashen ba ta faɗin ranar da za a yi ruwa a unguwarku. Abin da take nunawa shi ne yiwuwar zafi ko ruwan wani yanki ya zarce matsakaicin abin da aka auna daga 1991 zuwa 2020, ko ya gaza shi. Amfaninta shi ne a yi tanadi da wuri, misali a sayi iyakwandishan ta taga tun kafin ta yi wuya a kasuwa. Harkokin yau da gobe kuwa, hasashen Hukumar Yanayi ta Ƙasa da ake sabuntawa kullum shi ne abin dogaro, kuma kyauta yake a intanet. Sai dai da ma'aunin Faranhait ake lissafi a nan: digiri 90 daidai yake da 32 a ma'aunin Salsiyas, digiri 100 kuma kusan 38.

Wanda ya saba da digiri 42 a Sakkwato zai raina 32, amma ba lambar ce abin dubawa ba. Jiki da zufa yake sanyaya kansa, zufa kuma ba ta aikinta sai ta bushe, alhali iskar da ta cika da danshi ba ta barinta ta bushe. Shi ya sa masu hasashe suke ba da lamba ta biyu, ta zafin da jiki zai ji: idan ana digiri 32 kuma danshin iska ya kai kashi 70 cikin ɗari, jiki zai ji kusan 41, a inuwa ma ke nan. Ga gidajen an gina su ne don riƙe ɗumi lokacin sanyi, saboda haka ɗakin da ke hawa na ƙarshe a tsohon bene na yankin Bronx da ke birnin Niyok yakan kwana da zafi har asuba. A watan Yulin 1995 zafi ya kashe fiye da mutum 700 a Shikago cikin 'yan kwanaki, yawancinsu tsofaffi da ke zaune su kaɗai a ɗakunan da babu sanyi. Birnin Niyok yakan buɗe wuraren shan sanyi kyauta a irin waɗannan ranaku, galibi ɗakunan karatu da cibiyoyin tsofaffi, kuma kiran lamba 311 ya isa a san mafi kusa. Masu kai saƙon abinci a keke da masu aikin gini su yawaita shan ruwa tun kafin ƙishi ya kama su, kuma idan aka ga mutum ya fara ruɗewa ko ya suma a kira lambar gaggawa 911 nan take, a kai shi inuwa ana jiƙa masa jiki. Kada a bar yaro a mota ko da na mintuna kaɗan ne.

Wannan danshin shi ne kuma abincin hadari, wanda yakan taso da la'asar ko da dare. A nan dole ne a gane kalmomi biyu na Turanci da za su riƙa bayyana a waya da talabijin. Idan aka ce Watch, ana nufin yanayi ya dace da faruwar abin, a zauna cikin shiri; idan aka ce Warning, abin yana faruwa ko ya kusa, sai a nemi mafaka. Gargaɗin da ya fi tsanani yakan shigo waya da kansa da ƙara mai firgitarwa, kuma kuskure ne a kashe shi don yana tayar da mutum daga barci. Ƙa'idar tsawa mai sauƙi ce: duk wanda ya ji ƙararta yana inda aradu za ta iya samunsa, sai ya shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, ya dakata minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Gindin bishiya da rumfar jiran bas ba mafaka ba ne.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne ambaliyar farat ɗaya, domin ta shafi inda sabon zuwa yake kwana. A daren 1 ga Satumban 2021 ragowar guguwar Ida ta zubar da ruwan da ya kai milimita 80 cikin awa ɗaya a tsakiyar yankin Manhattan na birnin Niyok, alhali magudanan birnin an gina su ne don ɗaukar kimanin milimita 44 a awa. Mutum 13 suka rasu a birnin, 11 daga cikinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, galibi a yankin Queens. Irin waɗannan ɗakuna su ne masu arahar haya, don haka su baƙo ya fi samu, kuma da yawansu ƙofa ɗaya ce gare su, wadda nauyin ruwa yake dannewa ta ƙi buɗuwa. Kafin ku biya kuɗin haya ku duba ko akwai mafita ta biyu ko tagar da babba zai iya fita ta cikinta, ku tambayi maƙwabta ko ruwa ya taɓa shiga gidan, domin ba kowane mai gida ne zai faɗa ba. Idan kun riga kun tare, ku daidaita da na sama tun yanzu cewa wurinsu za ku hau da zarar gargaɗi ya shigo, ba sai kun ga ruwa a ƙasa ba.

A kan hanya ma haka abin yake. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babba, na santimita 30 yana tafiya da ƙaramar mota, na 60 kuma har da manya. Fiye da rabin waɗanda ambaliya take nutsarwa a Amurka a cikin mota suke, kuma ƙarƙashin gada ne ya fi yaudarar direba, musamman da dare, inda ba a ganin zurfin ruwa. Direban tasi ya juya ko da fasinja yana gaggawa.

Saura batun dukiya. Inshorar masu haya da aka saba saye ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Wannan tana da tata inshorar daban, kuma ta gwamnatin tarayya yawanci sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, don haka ba a sayenta ranar da hadari ya haɗu. Fasfo da takardun zama da na haihuwar yara a saka su cikin leda mai rufewa a ajiye a wuri mai tudu kusa da ƙofa, a kuma ɗauki hotonsu a waya.